Yadda Ake Gwajin Cutar Mantuwa Ga Dattijon Da Sinanci Kaɗai Yake Ji

Tun ranar da na ambata cewa a sashen masu cutar mantuwa da nake aiki a arewacin Ingila muna yawan karɓar dattawan Sinawa, tambaya ɗaya ke ta dawo mini. Wasu masu tambayar 'yan'uwanmu ne ma'aikatan jinya a Ingila da Kanada da Ostareliya, wasu ɗalibanmu ne da ke karatun likitanci a ƙasar Sin. Kowa cewa yake yi: an kawo mana tsoho ba ya jin Turanci, an ce mu auna ƙwaƙwalwarsa, ta ina za mu fara? Ga yadda muke yi, bi da bi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, takardar gwajin ba ta san abin da take aunawa ba. In ba ka shirya ba, kunnen mutum za ka auna, ko ajin da ya tsaya a makaranta, ko kunyarsa, sannan ka rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu.

1. Gano harshen da ya sha a nono

"Sinanci" a fom ɗin asibiti bai gaya maka komai ba. Akwai Mandarin, akwai Kantonanci, akwai Hakka, da Hokkien, da Teochew, da harshen Fuzhou, da na Taishan, da na Shanghai, kuma mai jin ɗaya ba lallai ya fahimci ɗayan ba. Dattawan da suka zo Ingila a shekarun 1950 da 1960 don aikin gidajen abinci, yawancinsu daga ƙauyukan Hong Kong suka fito, Kantonanci ko Hakka suke ji. Tsofaffin unguwannin Sinawa na Amurka da Kanada cike suke da mutanen Taishan. Wanda ya zo daga Taiwan ko Singafo ko Maleshiya, mai yiwuwa Hokkien ne harshen gidansu.

Kira iyalin kafin ranar ganin likita ka yi tambayoyi uku. Da wane harshe yake magana da matarsa? Da wane harshe yake ƙirga kuɗi? Wane irin rubutu yake karantawa? Rubutun iri biyu ne: na gargajiya, wanda ake amfani da shi a Hong Kong da Taiwan da Macau, da wanda aka sauƙaƙa tun daga 1956, na babban yankin Sin da Singafo.

Hattara: kada ka ruɗu da cewa ya yi shekara 40 a ƙasar Turawa. Cutar mantuwa takan fara cinye harshen da aka koya da girma, ta bar na yarinta. Mutumin da yake cinikinsa da Turanci shekara biyar da suka wuce, yau yana iya kasa haɗa jimla biyu da shi.

2. Nemi tafinta, ka zauna da shi tukuna

Ƙwararren tafinta kake so, mai jin ainihin harshen da ka gano a mataki na 1, kuma ya zo da ƙafarsa. Tafintan waya bai dace da wannan aiki ba, saboda ba ya ganin hannun da ke rawa ko idon da ke neman ceto wurin ɗa. A asibitocin gwamnatin Ingila ba a karɓar ko sisi daga majinyaci don tafinta, asibiti ne ke biya, don haka kada iyali su ce za su kawo nasu don gudun kashe kuɗi.

Ka ware minti goma kai da shi kafin majinyacin ya shigo. Ka ce masa ya faɗi abin da ka faɗa daidai, ya dawo maka da amsar yadda ta fito, ko da shirme ce. In dattijon ya yi ta kewaye-kewaye yana neman kalma, ko ya kira cokali da "abin nan na miya", ka ce lallai ya sanar da kai. Tafinta mai kirki yakan gyara wa tsoho magana saboda girmamawa, kuma abin da ya gyara ɗin shi ne kake nema.

Hattara: ɗa ko jika ba tafinta ba ne. Na taɓa yarda wata 'ya ta fassara wa mahaifiyarta saboda tafintanmu ya makara. Maki ya fito tsaf. Da muka maimaita bayan wata uku da tafinta na gaske, ya gaya mini cewa tsohuwar ba ta ma san garin da take ba. Ashe 'yar tana saka mata amsa a cikin tambaya, ba da mugun nufi ba, rufin asirin uwa take yi. Ban da wannan, yaran da aka haifa a nan sau da yawa Kantonancin ɗakin girki kawai suke ji.

3. Tanadi kayan aiki da lokaci

Ka nemi ninki biyu na lokacin da kake ba mai jin Turanci. In awa ɗaya aka saba, ka nemi biyu, ko ka raba zama gida biyu. Safiya ta fi. Ka tanadi takardar gwaji ta harshensa da rubutunsa, da kwafin Turanci a gabanka don ka riƙa bi, da fensir mai kauri, da farar takarda, da agogon ƙirga daƙiƙa, da 'yar na'urar ƙara sauti ta aljihu. Ka gaya wa iyali su zo da tabarau, da na'urar ji, da duk maganin da ke gidan a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya.

Takardun gwajin ƙwaƙwalwa uku za mu ambata: RUDAS, da MMSE, da MoCA. Batun kuɗi kuwa, RUDAS kyauta ne. MMSE yana da haƙƙin mallaka, sayen fom ɗinsa ake yi. MoCA ana samun takardarsa a shafinsa na intanet, amma masu shi suna neman ka yi ɗan gajeren horo ka samu shaida kafin ka yi amfani da shi. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne tafinta da ƙarin lokaci, kuma nan ne shugabannin sashe ke son tsuke hannu. Ka tsaya kai da fata. Sakamakon ƙarya ya fi tsada.

4. Gaisuwa, da sunan da za ka ba cutar

Sunan dangi ne ke zuwa farko a sunan Basine, kuma da shi ake kiran babba tare da laƙabin girma. Mai Kantonanci mai sunan dangi Chan, "Chan saang" ne, matarsa "Chan taai". Kada ka kira shi da sunan yanka kamar yadda Turawa ke yi. Mu da ba ma kiran sa'an mahaifinmu da gatsal, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Miƙa takarda da hannu biyu. Kada ka rubuta sunansa da jan biro, suna camfa shi da mutuwa.

Sai babban tarko. Tsohuwar kalmar cutar ita ce "laonian chidai", ma'anarta kusan "wautar tsufa", kamar ka ce wa dattijo ya zama dolo. Da zarar tafinta ya furta ta, ƙofa ta rufe. Su kansu sun yi ta ƙoƙarin sauya ta. A Hong Kong, bayan da aka san cewa Charles Kao, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2009, yana fama da cutar, an zaɓi sabon suna a 2010 mai nufin "komawar ƙwaƙwalwa baya". Daga baya likitocin can suka fi karkata ga "renzhi zhang'ai zheng", wato matsalar fahimta. A Taiwan "shizhi zheng" suke cewa. Ku yi shawara da tafinta kan wadda ta dace da inda mutumin ya fito. Ni a zaman farko ba na ambatar sunan cuta ko kaɗan. Cewa nake yi za mu duba lafiyar ƙwaƙwalwa kamar yadda ake duba hawan jini. Haka kuma ba na cewa jarrabawa, domin mutumin da bai yi makaranta ba, da jin kalmar sai jikinsa ya yi sanyi.

5. Tambayi karatunsa dalla-dalla

Wannan matakin shi ne gishirin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Kada ka tsaya a "ka yi makaranta?" Tambayi shekara nawa, a ina, da wane harshe, kuma me ya katse karatun. Yaƙin Japan daga 1937 zuwa 1945 ya hana yara da yawa zuwa aji, Hong Kong ma ta kasance a hannun Japan daga ƙarshen 1941 zuwa 1945. An yi babbar yunwa a Sin daga 1959 zuwa 1961. A zamanin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, makarantu sun rikice, jarrabawar shiga jami'a ma ba ta dawo ba sai 1977. Saboda haka wanda ya ce ya gama sakandare a 1969, takardar na iya kasancewa, karatun babu. A Hong Kong firamare ba ta zama dole kuma kyauta ba sai 1971, shi ya sa za ka haɗu da tsofaffin mata da ba su taɓa riƙe fensir ba, alhali sun yi shekara 30 suna riƙe da lissafin shago a ka.

Tambayi sana'arsa. Ita ce za ta nuna maka matsayin da ƙwaƙwalwarsa take a da, wanda da shi za ka kwatanta yau.

Hattara da shekaru: a lissafin gargajiya, jariri yana da shekara ɗaya ranar da aka haife shi, kuma ana ƙara masa wata a kowace sabuwar shekarar wata. In ya ce 81 fasfo ya ce 79, ba mantuwa ba ce. Wasu kuma ranar haihuwar da ke fasfo ɗin ƙirƙirarta aka yi a bakin iyaka.

6. Kawar da masu kama da cutar mantuwa

Gwada ji da gani kafin komai. Harsunan Sinawa masu karin sauti ne kamar Hausa, kalma ɗaya takan sauya ma'ana da hawa ko saukar murya, don haka ɗan raunin ji yakan yi ɓarna mai yawa. In rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwanaki, ajiye takardar gwajin mantuwa, ka nemi ciwon mafitsara, ko na huhu, ko illar magani. A aika jini: ƙididdigar jini, aikin ƙoda da hanta, suga, sinadarin kalsiyam, tayirod, bitamin B12 da folet. Mai shan metformin na ciwon suga shekara da shekaru, B12 ɗinsa kan yi ƙasa.

Ciwon damuwa ma yakan shigo da rigar mantuwa. In ka tambayi dattijon Basine ko yana baƙin ciki, sau da yawa a'a zai ce. Tambaye shi barci, da cin abinci, da jiri, da nauyin ƙirji, da kasala. Da yawansu sun san kalmar "shenjing shuairuo", raunin jijiyoyi, kuma sun fi sakin jiki da ita. Akwai fom ɗin auna ciwon damuwa na GDS mai tambaya 15 da aka fassara aka kuma gwada da Sinanci.

Hattara da ledar magani: ganyen ginkgo da saiwar danshen da dong quai suna iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Huperzine A, wanda ake sayarwa don ƙarin tunani, hanyar aikinsa ɗaya ce da donepezil, maganin cutar mantuwa na asibiti, kada a haɗa su ba da sanin likita ba. Kada ka yi wa kowa faɗa kan maganin gargajiya. In ka yi, gobe ba za a nuna maka ledar ba.

7. Zaɓi gwajin da ya dace da mutumin

Ga wanda bai yi karatu ba, ko ya yi kaɗan, RUDAS nake ɗauka. A Sidni ta Ostareliya aka ƙirƙiro shi, aka wallafa a 2004, musamman don a yi shi ta bakin tafinta. Sashe shida ne, maki 30, minti goma. Za ka ba shi cefane huɗu ya riƙe (shayi, man girki, ƙwai, sabulu), ya nuna sassan jikinsa da naka, ya kwaikwayi motsin hannu, ya zana akwati, ya faɗi yadda zai tsallaka titi mai cunkoso, ya lissafa dabbobi cikin minti ɗaya. Maki 22 zuwa ƙasa na nuna a zurfafa bincike.

Ga wanda ya yi karatu, MoCA ya fi kama cutar tun tana ƙarama, amma ka ɗauki bugun da ya dace: na Beijing ga mai Mandarin na babban yanki, na Hong Kong ga mai Kantonanci, na Taiwan ga ɗan Taiwan. Ba fassara kawai aka yi musu ba. A bugun Beijing, wurin haɗa lamba da harafin A, B, C an sa alamomin jeri na gargajiya da kowane ɗan makarantar Sin ya sani, wurin kawo kalmomi masu farawa da harafi ɗaya kuma an sa sunayen dabbobi, tunda rubutun Sin ba shi da abacada.

Hattara, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani: kada ka ɗauki MoCA ko MMSE na Turanci ka ce tafinta ya riƙa fassarawa nan take. Kalmomi biyar na tunawa za su sauya tsawo da wahala, jimlar maimaitawa za ta zama wata aba daban, kuma babu yadda za a yi a ce wa mai rubutun Sin ya jero haruffan kalma daga baya zuwa gaba. Makin da ya fito daga irin wannan ba shi da ma'auni.

8. Yayin gwajin

Iyali su zauna a waje, ko a bayansa inda ba zai ga fuskarsu ba. Dattijon za ka riƙa kallo, ba tafinta ba.

Tambayar kwanan wata tana da rami. Dattawa da yawa da kalandar wata suke rayuwa, kamar yadda kakanninmu za su ce maka goma ga Sha'aban amma ba su san ko Maris ake ciki ba. In ya ba ka ranar wata, sa tafinta ya duba, in daidai ne ka ba shi makinsa. Ɗan Taiwan yana iya ce maka shekara ta 113 yana nufin 2024, domin lissafinsu daga 1912 ya fara. Ƙara 1911 a kan abin da ya faɗa. Sunan gari ma haka: "Mancheng" Manchester ce, "Jiujinshan" San Francisco ce.

Wasu tambayoyin kuma sauƙi suke yi fiye da kima. A Sinanci watanni lamba ce kawai, wata na ɗaya, wata na biyu, don haka "jero watanni daga baya" ya zama ƙirga 12 zuwa 1. Sunayen lambobi gajeru ne, shi ya sa masu Sinanci kan riƙe jerin lambobi mafi tsawo fiye da masu Turanci. Tsohon mai shago yana iya cire bakwai-bakwai daga 100 kamar ruwa alhali cutar ta yi nisa. Kada waɗannan su kwantar maka da hankali.

In ya ce "ban sani ba" da sauri, dakata. Sau da yawa gudun kuskure a gaban baƙo ne. Ce masa ya yi hasashe, babu laifi. Wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba ta kasa zana akwati kuwa, rubuta hakan a gefen makin.

9. Ji ta bakin wanda ke kwana da shi

Wanda ya kawo shi asibiti sau da yawa babban ɗa ne mai Turanci, wanda ke leƙowa ranar Lahadi. Wadda ta san gaskiya ita ce matar, ko surukar da ke dafa masa abinci. Ita za ka nema, a keɓe. Yi amfani da fom ɗin tambayar iyali na AD8, tambaya takwas, wanda "e" biyu a cikinsa sun isa a ƙara bincike, ko gajeren IQCODE mai tambaya 16 da ke kwatanta yau da shekara goma baya. Duka biyun akwai su da Sinanci.

Sinawa na da karin magana cewa abin kunyar gida ba a fitar da shi waje, kuma biyayya ga iyaye, wadda suke kira "xiao", ta sa faɗin gazawar uba kamar cin amana ne. Ga kuma "lao hutu", irin tamu ta "ai tsufa ne". Saboda haka tambayar "yana mantuwa?" ba ta kawo komai. Tambayi abu takamaimai. Har yanzu yana buga wasan mahjong, kuma yana iya lissafin cinsa? Ya taɓa barin tukunya a wuta? Miyarta ta sauya ɗanɗano? A sabuwar shekarar da ta wuce, ya iya shirya jan ambulan na kuɗin jikoki da kansa? Yana hawa bas zuwa kasuwar Sinawa shi kaɗai?

Hattara: in aka ce ba ya girki, ba ya riƙe kuɗi, tambayi tun yaushe. Wataƙila bai taɓa yi ba, ko yara sun karɓe don girmamawa. Irin wannan hidimar takan ɓoye cutar shekaru.

10. Karanta makin da ma'aunin da ya dace

Iyakar 26 ta MoCA, wato makin da ke raba mai lafiya da mai matsala, daga Montreal ta Kanada ta fito, ba ta dattijon lardin Guangdong na Sin ba ce. A babban binciken da aka yi a Sin kan bugun Beijing a 2011, iyakar ta kasance 13 ga wanda bai yi karatu ba, 19 ga mai shekara 1 zuwa 6, 24 ga mai 7 zuwa sama. MMSE na Shanghai yana amfani da 17, 20 da 24 bisa matakin karatu. Na Kantonanci kuma 18, 20 da 22. Dubi tazarar. Tsohuwa mai maki 19 tana iya zama garau, tsohon injiniya mai 26 yana iya zama cikin matsala.

A rahotonka rubuta harshen da aka yi gwajin da shi, bugun takardar, ko da tafinta, shekarun karatu, da ma'aunin da ka bi. Maki ba shi ne ganewar cuta ba. Likita zai haɗa shi da labarin iyali da gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa. In abin bai fito fili ba, a maimaita bayan wata shida zuwa shekara, da takarda iri ɗaya da harshe iri ɗaya.

11. Faɗin sakamako

Iyali za su iya tare ka a baranda su ce kada a gaya wa Baba. Kada ka ce to, kada kuma ka kawo musu doka kai-tsaye. Tun a zaman farko ka tambayi dattijon da kansa: in mun gano wani abu, kai za mu gaya wa, ko wa kake so ya ji? In ya ce ɗansa, ka rubuta, zaɓinsa ne. A Ingila dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ɗauka cewa mutum yana da hankalinsa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma rashin Turanci ba hujja ba ce.

Bayyana cewa cutar ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba, ba kuma sakacin 'ya'ya ba. Kawo batun takardar wakilci, wadda ke ba wani ikon yanke shawara a madadinsa, tun yana iya sa hannu. Haɗa su da cibiyar al'ummar Sinawa ta garin, ka ba su takardar bayani da rubutun da suke karantawa.

12. In bincike kake yi

Duk na sama ya hau kanka, da ƙari. Takardar amincewa a fassara ta zuwa rubutun biyu, wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta tsaya, sannan a karanta wa dattawa biyar ko shida a ji inda suka yi tuntuɓe. Wanda ya rayu a zamanin da sa hannu a takarda ke jawo bala'i ba zai yi saurin sa hannu ba, don haka nemi izinin kwamitin ɗa'a na karɓar amincewa da baki. Ɗibar jini da ruwan ƙashin baya da batun ba da ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, kowanne a yi masa bayani daban, a bar mutum ya ƙi ɗaya ya karɓi saura.

Wasiƙar asibiti ba ta kawo mutane. Binciken PINE na Chicago, wanda ya tattara dattawan Sinawa sama da 3,000 tun daga 2011, da ƙungiyoyin unguwa da ma'aikata masu jin harsunan ya yi aiki. Je coci, da wurin ibadar Buddha, da kulob ɗin cin abincin rana. Mutanen babban yanki a manhajar WeChat suke, na Hong Kong a WhatsApp, na Taiwan a LINE. A kasafinka sa kuɗin mota, da shayi, da fassara, da albashin ma'aikaci mai harshe biyu. A teburin bayananka kuma ka ware gurbi daban-daban ga harshe, wurin haihuwa, shekarar ƙaura da shekarun karatu, domin in ka zuba kowa a gurbin "Basine" ba za ka iya raba su daga baya ba. Idan an gama, koma zauren da ka ɗebo mutanen, da tafinta, ka gaya musu abin da aka samu.